Tangaɗin Injin Huda Ƙarfe: Darasi Ga Masu Ƙananan Masana'antu a Gamboru

MAIDUGURI — Duk mai shagon walda ko ƙira da ya taɓa karɓar aikin ƙafafun injin niƙa, ko maƙalan ƙofofin makaranta, ko farantan da ake ɗaure injin ban-ruwa a kansu, ya san cewa huda ɗaya da ta kauce daga inda aka yi mata alama ta isa ta cinye ribar yini guda. Mai kaya ba ya tambayar wane inji aka yi amfani da shi. Abin da yake dubawa shi ne ko kusoshi sun shiga, kuma ko sun kama. Idan ba su shiga ba, sai a koma ga magagari ana faɗaɗa ramuka ɗaya bayan ɗaya. Idan kuwa ramin ya yi faɗi, sai a cike shi da walda a sake hudawa, ga asarar lokaci, ga ta wuta, ga kuma zubewar mutuncin shago.

A mafi yawan shagunan da ke kewayen Kasuwar Gamboru ta cikin Maiduguri (ba garin Gamborun Ngala na bakin iyakar Kamaru ake nufi ba), kamar dai sauran kasuwannin Arewa, injin da ke wannan aiki shi ne ƙaramin injin huda na tsaye, wanda masu sana'a ke kira diril, irin mai araha da ake shigowa da shi daga ƙasashen Asiya. Kukan da aka fi yi da shi guda ne: bakinsa yana tangaɗi. Maimakon mahuji, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ake kira bit, ya juya a tsaye cak, sai a ga tsininsa yana zana ɗan da'ira a iska.

Can baya, wanda injinsa ya fara haka yakan lallaɓa da shi har ya tara kuɗin sabo. Amma tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa farashin canji, dala ta tashi daga kusan naira 460 har ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kuma farashin duk wani inji na waje ya bi ta. Sa'an nan a ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, shekaru 30 bayan ambaliyar 1994, ruwa ya mamaye unguwanni da dama na birnin, ciki har da Gamboru da Gwange. Injin da ya kwana cikin ruwa da laka yana iya tashi da zarar motarsa ta bushe, amma yashin da ya shiga boris da tsatsar da ta kama mahaɗai ba sa fita da shanya. Saboda haka sanin gyara ya zama wani ɓangare na jarin mai shago.

Cuta uku masu kama da juna

Kuskuren farko da ake yi shi ne a ɗauka cewa duk wata rawa da inji ke yi sandarsa ce ta lanƙwashe. A haƙiƙa cututtuka uku ne daban-daban, kuma kowace da maganinta.

Ta farko ita ce tangaɗi na ainihi: wani abu daga cikin sassan da ke juyawa ba ya kan tsakiya, ko kuma ya karkace, don haka a kowane zagaye tsinin mahuji yana kaucewa gefe guda ya dawo. Ana ganinsa ko da hannu aka juya injin. Ta biyu ita ce wasa, wato sassa sun yi sako-sako, ta yadda idan aka kama kan injin aka tura shi gefe zai motsa alhali ba ya juyawa. Ta uku ita ce girgiza, wadda ke fitowa daga bel ko fuli ko mota, kuma ba a jin ta sai an kunna wuta. Wanda ya sayi sabon boris alhali bel ne ya bushe ya ƙage, ya yi susa ne a inda ba ya ƙaiƙayi.

Don fahimtar inda kowace ke ɓuya, ya kamata a san yadda sassan suka jeru daga ƙasa zuwa sama. A can ƙasa akwai mahuji. Abin da ke riƙe da shi shi ne cok, wato kan nan mai haƙora uku da ake ɗaurewa da makulli. Shi cok ɗin yana zaune ne a kan wani guntun ƙarfe mai siranta a kowane ƙarshe, wanda za a kira mahaɗi. Mahaɗin yana cusuwa cikin sandar juyi, ita kuma sandar tana juyawa a kan boris biyu ko uku a cikin wani bututu mai kamar kube, wanda ke sauka yana hawa idan an ja hannun injin. Kuben yana zamewa ne cikin ramin da aka yi masa a kan injin. Wurare biyar ko shida ke nan da kuskure ke iya shiga, kuma kurakuran suna taruwa a kan juna har su iso tsinin mahuji.

Abin lura a nan shi ne, a yawancin injunan babu kusa ko noti da ke riƙe cok da mahaɗi. Sirantar ce kawai: ƙarfe mai siffar mazurari ya shige cikin gurbi mai irin siffarsa har suka cije juna. Wannan dabara tsohuwa ce. Wani Ba'amurke mai suna Stephen Morse, wanda ya yi suna wajen ƙera murɗaɗɗen mahuji a garin New Bedford, shi ya fito da sirantar da ke ɗauke da sunansa wajen 1864, kuma har yau ita ce ake rubutawa MT2 ko MT3 a jikin inji. Cok mai makulli kuwa Arthur Jacobs ne ya yi masa rajista a Amurka a 1902. Kyan wannan haɗi shi ne yana daidaita kansa a tsakiya. Aibinsa kuwa, ƙwayar yashi guda da ta maƙale tsakanin fuskokin biyu ta isa ta karkatar da cok baki ɗaya, kuma karkatar da ido ba ya gani a sama takan zama tangaɗi bayyananne a tsinin dogon mahuji.

Awo kafin kashe kuɗi

Kayan awon da ya dace shi ne agogon awo, wato na'urar nan mai fuskar agogo da ɗan tsinke mai shiga da fita, wadda kowane zane a fuskarta kashi ɗaya ne cikin ɗari na milimita. Ana kafa ta a kan teburin injin da gindinta mai maganaɗisu. Waɗanda suka yi karatun injiniyan inji a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat ko a makarantun koyon sana'a sun san ta, haka ma masu injin sassaƙa ƙarfe. Ba lalle ne kowane shago ya mallaki tasa ba. Shaguna biyar na layi ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi guda, domin aikinta na 'yan mintoci ne a cikin wata.

Don a gane girman abin da ake magana a kai: kaurin takardar rubutu ta ofis kusan milimita 0.1 ne, wato zane goma a fuskar agogon. Adadin da allura ta yi tafiya tsakanin inda ta fi hawa da inda ta fi sauka a zagaye guda shi ne tangaɗin, kuma ninki biyu ne na kaucewar da abin ya yi daga tsakiya.

Kafin komai a cire filogi daga wuta, domin duk awon da hannu ake juya fuli. A fara daga ƙasa, inda gyara ya fi araha. A mirgina mahujin a kan gilashi mai laushi. Idan ya lanƙwashe, za a ga haske yana buɗewa yana rufewa a ƙarƙashinsa, ko a ji yana ƙwas-ƙwas. Daga nan a dubi wasinsa. Mahuji yana da leɓɓa biyu masu yanka, kuma tilas tsawonsu da kusurwarsu su zama ɗaya. Kusurwar da aka saba ita ce digiri 118. Idan yaron shago ya wasa shi da hannu a kan dutse har leɓe ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo, tsinin ya bar tsakiya ke nan, kuma ramin zai yi faɗi ko da injin na miliyoyin naira ne. Alamar wannan a bayyane take: ɓawon ƙarfe yana fitowa ta gefe ɗaya kawai, ko kuma ɗaya ya fi ɗaya kauri. Ba ƙaramin adadi ba ne na injunan da ake zagi a banza alhali laifin na dutsen wasi ne.

Idan mahuji ya fita daga zargi, sai a ɗaura wa cok wani ƙarfe da aka tabbatar miƙaƙƙe ne. Sandar bawul ɗin injin mota wadda ba ta taɓa buguwa ba tana yin wannan aiki, saboda a masana'anta an goge ta sumul. A ɗaure ta ta ramuka ukun da ke jikin cok, ba ɗaya kaɗai ba. A auna dab da haƙora, sa'an nan a sauko kamar milimita 75 a sake aunawa. Idan awon biyu sun yi kusa da juna, sandar ta kauce ne daga tsakiya amma tana tsaye. Idan na ƙasa ya ninka na sama ko ya fi, to, karkata ce, kuma galibi zaman cok a kan mahaɗi ne bai daidaita ba, ko haƙoransa sun ci ta baki.

Akwai wata dabara mai raba gardama. A sa alli a jikin cok daidai inda allura ta fi hawa, a sa wani a jikin sandar gwajin. A sassauta, a juya sandar rabin zagaye, a sake ɗaurewa. Idan wurin hawan ya bi sandar, ita ce karkatacciya, sai a nemi wata. Idan ya tsaya a kan alamar cok, cutar tana daga cok zuwa sama.

Mataki na gaba shi ne a cire cok. A injunan da ke da mahaɗi, idan aka sauko da kube za a ga wata doguwar kafa a gefensa. A juya sanda har kafarta ta dace da ta kube, a cusa lebur ɗin ƙarfen nan mai tsini da ke zuwa tare da injin, a ɗan buga, a tare cok ɗin da katako kada ya faɗi ƙasa. Ƙananan injunan kan tebur kuwa sau da yawa ba su da mahaɗi, bakin sandar ne da kansa aka sirantar, don haka da wasu siraran ƙarafa biyu masu baki kamar cokali mai yatsu ake ɓamɓare cok. Yanzu sai a ɗora tsinken agogo a kan sirantar sandar kanta. Idan allura ba ta wuce zane biyu ko uku ba, mai shago ya yi hamdala: sandarsa lafiya lau take, kuma abin da ya rage gyaran kuɗi kaɗan ne. Idan kuwa nan ma tana tafiya zane goma ko fiye, to, ko dai sandar ta lanƙwashe ko boris sun mutu.

Wasa kuma da turi ake gane shi. A ɗora agogo a kan sanda, a tura ta gefe da ɗan yatsa, kube yana sama. Sa'an nan a mai da agogon kan kuben kansa, a sauko da shi har ƙarshe, a sake turawa. Motsin da sanda ke yi alhali kube bai motsa ba na boris ne. Motsin da kube ke yi, musamman wanda ke ƙaruwa yayin da ya sauko, na ramin kan inji ne, kuma shi ne babban rauni na injuna masu araha, domin tun daga masana'anta ake barinsa da ɗan yalwa don a rage kuɗin ƙira.

Wanda bai sami agogon awo ba yana iya ɗaure ƙusa a bayis, ya matso da tsininta har ta taɓa sandar gwaji a inda ta fi kusantowa, ya juya rabin zagaye, ya auna tazarar da ta buɗe da siraran ƙarafan awo da makanikai ke saita bawul da su. Bai kai agogo ba, amma ya isa ya nuna ko magana ta takarda ɗaya ce ko ta uku.

Gyara, daga mai sauƙi zuwa mai wuya

Gyaran da ya fi yawan yin nasara ba ya cin ko kwabo. A wanke sirantar sanda, da ta mahaɗi, da gurbin cok, da tina ko fetur, a goge da tsumma mai tsabta har su bushe. Sababbin injuna suna zuwa da wani mai ɗanko da ake shafa musu don kada su yi tsatsa a jirgin ruwa, kuma da yawa a kan wannan man ake buga cok a ranar farko. A shafa ɗan yatsa a ji ko akwai ƙaiƙayi ko tabon guduma. Idan akwai, a kwantar da tudun kawai da lallausan dutsen wasi. Kada a zagaye sirantar da sanfefa mai kaushi, domin wanda ya ci ƙarfen ya ɓata siffar ke nan har abada. Ba a kuma sa mai ko giris a wannan wuri; a bushe yake kamawa.

Don tabbatar da zama, a zana layuka uku da alƙalamin maka a tsawon mahaɗin, a cusa shi a hankali, a ɗan murɗa, a zare. Inda tawada ta goge nan ne ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Idan ta goge daga sama har ƙasa, zama ya yi. Idan a baki ɗaya kawai, haɗin bai dace ba. Wajen mayarwa a janye haƙoran cok ciki gaba ɗaya, a tara katako a ƙarƙashinsa, a yi masa bugu ɗaya miƙaƙƙe. Idan aka auna aka ga saura, a sake cirewa, a juya cok rubu'in zagaye a kan mahaɗi, a mayar. Sau da yawa a ɗaya daga cikin matsayi huɗun kuskuren cok da na sanda sukan soke juna, sai a yi alama a bar shi a nan.

Shi kansa cok yakan tara ɓarɓashin ƙarfe a bayan haƙora. A jiƙa shi cikin kananzir, a yi ta buɗewa ana rufewa har datti ya fita, sa'an nan a ɗiga masa mai kaɗan a haƙoran, ban da gurbin siranta. Idan haƙoran sun ci, sabo ne magani, kuma kyakkyawan cok a kan inji mai araha shi ne kuɗin da ya fi saurin dawowa. Sai dai a nan akwai tarko. A jikin kowane cok an buga lambar gurbinsa, kamar B16 ko JT33 ko JT6. B16 da JT33 a ido kamar tagwaye suke: faɗin na farko a babban baki milimita 15.73 ne, na biyu kuwa 15.85, amma gangaren sirantarsu ya bambanta. Cok ɗin wannan zai hau kan sandar wancan, har ma ya yi kamar ya kama, amma a layi ɗaya siriri yake taɓawa. Zai yi tangaɗi, wata rana kuma ya faɗo ana tsakiyar aiki. Mai saye ya tafi kasuwa da tsohon a hannunsa.

Boris ba su da wuyar samu, domin galibi irin waɗanda ake sa wa injunan ban-ruwa da motocin lantarki ne, kuma lambarsu tana rubuce a gefe. Alal misali 6203 raminsa milimita 17 ne, faɗinsa 40, kaurinsa 12. Shi kuwa 6204 yana da 20 da 47 da 14. Haruffan da ke bin lambar suna da muhimmanci. Mai 2RS rufin roba ne da shi ta fuska biyu, kuma ya fi mai ZZ, wanda ke da rufin ƙarfe, tare ƙura. A garin da hunturu ke cika da ƙura, ga kuma ɓarɓashin dutsen gurza na shagon walda, mai roba ya fi dacewa. Mai C3 kuwa da gangan aka yi shi da ƙarin yalwa a ciki saboda injunan da ke zafi, don haka bai dace da sandar da ake so ta tsaya cak ba. Wajen sawa, a tura ta zoben ciki idan a kan sanda ake ɗorawa, ta zoben waje idan cikin kube ake cusawa. Bugun da ya ratsa ta cikin ƙwallayen yana lotsa hanyarsu tun kafin su fara aiki. Manyan kamfanoni irin su SKF sun daɗe suna gargaɗi kan jabun boris masu ɗauke da sunansu, saboda haka araha mai yawa a kan babban suna abin tuhuma ne.

Wasan kube ya fi wuyar sha'ani. A gefen kan injin akwai wata kusa mai noti wadda bakinta ke shiga doguwar kwarin da ke jikin kube. Idan aka ɗan matse ta har kube ya daina kaɗawa amma yana komawa sama da kansa, an rage wani abu. Wasu sukan saka siririn falle na tagulla tsakanin kube da raminsa. Wasu kuma sukan tsaga kan injin da zarto su sa masa kusa mai matsewa, kamar yadda aka ƙera wasu manyan injuna tun asali. Sai dai kan na narkakken ƙarfe ne mai saurin tsagewa, kuma na masu araha ba shi da kauri, don haka caca ce da bai kamata mai inji ɗaya tilo ya shiga ba. Hanyar da ba ta da haɗari ita ce a ɗaga tebur sama har aikin ya kusa taɓa mahuji, yadda kube ba zai sauko da nisa ba.

Sandar da ta lanƙwashe ana iya miƙar da ita a matsi, ana aunawa ana ƙarawa, ko a ba mai injin sassaƙa ya yi sabuwa. A nan ne ya kamata mai shago ya ɗauki alƙalami: idan sanda ta lanƙwashe, kube kuma yana wasa, kuɗin gyaran biyu zai iya kusantar kuɗin tsohon inji mai nauyi na hannu. Gara a mai da wannan ga aikin ƙofofi da tagogi, a nemi wani don aiki mai tsanani.

Girgiza kuwa ba ta buƙatar dogon bayani: a canja bel ɗin da ya bushe, a daidaita fuli biyu su kalli juna, a matse ƙananan kusoshinsu, a ɗaure gindin injin a ƙasa.

Ba kowane rami ne ke buƙatar daidaito ɗaya ba

Ta fuskar kasuwanci, tambayar ba ita ce ko inji yana tangaɗi ba, domin babu injin da ba ya yi ko kaɗan. Tambayar ita ce wane irin rami ake sayarwa. Ramin da kusa za ta ratsa a ɗaure da noti, da gangan ake yi masa yalwa: kusa M10 ana huda mata milimita 11, M8 kuma 9. A irin wannan aiki tangaɗin takarda ɗaya ba ya hana kowa barci, kuma kashe kuɗi don kawar da shi almubazzaranci ne. Ramin da za a yanka wa tiredi ya fi tsanani: M6 yana son milimita 5, M8 yana son 6.8, M10 kuma 8.5. Idan ramin ya faɗaɗa, tiredin zai fito marar zurfi, kusar ta kwance a hannun mai kaya bayan an biya kuɗi. Na uku shi ne ramin da fin ko bushi zai zauna a ciki daram. A ma'aunin duniya da ake kira H7, ramin milimita 10 bai kamata ya wuce 10.015 ba. Babu mahujin da ke ba da wannan kai tsaye. Sai an huda 9.8 a bi da rima, wato ƙarfen nan mai haƙora da yawa da ke share rami, a juyi mai sanyi tare da mai. Ita ma rima girman rami take gyarawa, ba ta mai da shi inda ya kamata ya kasance, domin hanyar da ta tarar take bi.

Ƙananan mahuja su suka fi shan wahala. Tangaɗin milimita 0.1 a kan mahuji mai kauri 2 kashi biyar ne cikin ɗari na jikinsa, ana lanƙwasa shi sau dubbai a minti guda. Shagon da ke karya irin waɗannan kullum ya lissafa kuɗinsu na wata uku, ya kwatanta da kuɗin sabon cok.

Ragowar tangaɗin da gyara bai kawar ba, hannu ne ke cin ƙarfinsa. A yi ɗigo mai kyau da fanci. A fara da gajeren mahuji mai kauri da ake buɗe tsakiya da shi, wanda ba ya lanƙwasa, kafin a sa na aikin. A cusa mahuji sosai cikin cok, a zaɓi gajere duk inda zai isa. Ga babban rami a fara da ƙarami wanda bai wuce faɗin tsinin babban ba da yawa. A ɗaure aikin a bayis ko da maƙalai, ba a riƙe da hannu ba. A kuma kula da gudu, abin da yawancin shaguna ba sa taɓawa tun ranar da aka sayi injin: ga ƙarfe mai taushi da mahuji na yau da kullum, milimita 3 yana son juyi wajen 2,600 a minti, milimita 10 wajen 800, milimita 16 kuwa wajen 500. Babban mahuji a kan babban gudu yana ƙonewa, ya dakushe, mai aiki ya ƙara danna hannu, dannawar kuma ita ce ke ture kube gefe. Haka ma idan janareta ya yi rauni mota ta rage ƙarfi, matsalar da masu sana'a a Maiduguri suka sani sarai tun lokacin da aka lalata turakun wutar hanyar Damaturu a watan Janairun 2021, birnin ya daɗe cikin duhu.

Idan aikin mai yawa ne iri ɗaya, kamar faranti ɗari biyu masu ramuka huɗu-huɗu, babu abin da ya kai ma'auni: a yi faranti guda mai kauri da ramukansa daidai, a dasa musu bushi masu tauri, a riƙa ɗora shi a kan kowane aiki. Bushin ne ke jagorantar mahuji, ba sandar inji ba. Yinin da aka ɓatar wajen haɗa shi yana dawowa tun kafin a kai faranti na hamsin.

Teburin ma a duba shi. A lanƙwasa waya mai ƙarfi, a ɗaure baki ɗaya a cok, ɗayan ya sauko ya kusa taɓa tebur can gefe, a juya da hannu. Idan ya taɓa dama ya bar hagu, tebur ya karkata, ramuka za su fito a gicciye ko da sanda ba ta da laifi.

Wasu halaye uku ne ke mai da lafiyayyen inji majinyaci. Na farko, tura aiki ta gefe, kamar a ɗaura dutsen gurza ko a nemi faɗaɗa rami da gefen mahuji. Injin huda don dannawa ƙasa aka yi shi, kuma turin gefe yana kwance siranta. Na biyu, buga makullin cok da guduma. Na uku, yin walda a kan teburin injin: idan wutar walda ta bi ta cikin boris tana neman hanyar komawa, takan bar ƙananan ƙuna a kan ƙwallayen, daga nan sai ƙara da wasa. Game da lafiyar mai aiki kuwa, hannun riga mai faɗi da safar hannu ba su da wuri kusa da sandar da ke juyawa, kuma makullin da aka manta a jikin cok yakan tashi kamar harsashi.

Mai niyyar sayen inji, sabo ko na hannu, ya tafi da sandar gwajinsa da agogon aro. Ya sauko da kube har ƙarshe ya girgiza shi, ya kwatanta inji biyu ko uku na samfuri ɗaya, domin a cikin masu araha bambancin wannan da wancan yakan fi bambancin suna da suna. Ya tambayi lambar sirantar, ya fifita mai mahaɗin MT2 a kan wanda cok ke hawa bakin sanda kai tsaye, saboda mahaɗi idan ya lalace ana canja shi shi kaɗai. Ya kuma yi sharaɗi da mai kanti tun kafin ya biya, a rubuta a rasit, cewa idan aka cire cok aka tarar sandar kanta tana tangaɗi fiye da abin da suka amince a kai, za a canja masa cikin kwanakin da suka yanke.